Tayoyin Alhaji Dogo

Shekara ashirin da bakwai ina sana'ar taya a bakin tashar mota a Gusau, ina sayarwa, ina faci, ina ba da iska. Ban taɓa fasa tayar kowa da gangan ba sai sau ɗaya, kuma huɗu na fasa a tashi guda, a gaban surukaina, ranar da za a kai 'yata ɗakin miji. Mutanen Tsafe, inda gidana yake, sun ce ni Tambaya na haukace. To, ga yadda haukan ya faro.

Sunan yarinyar Rukayya. Na faɗa ne don ku san ta, amma bakina bai saba da sunan ba. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ma nuna ya damu da shi a gaban mutane. Ƙanena Isah shi ne ubanta a idon jama'a, shi ya karɓi masu neman aure, shi ya sa rana. Angon kuwa Muktar ne, ɗan Bungudu, mai sayar da wayoyi a Gusau. Yaron kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Tun da aka sa rana, in ya hango rumfata sai ya canza hanya don kunya, ni ma in na hango shi sai in shiga lalube cikin tayoyi kamar na yar da wani abu.

Motarsa ce matsalar. Wata 'yar ja ce da ya sayo daga Kwatano, irin ta tsere, ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa, kujerar bayanta sai mutum ya naɗe ƙafa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙarti huɗu za su ɗaga gindinta. A cikinta aka ce za a ɗauki amarya daga Tsafe zuwa Bungudu, don a ɗauki bidiyo a ga gayu.

Ranar Litinin, saura kwana biyar biki, Bashar abokin ango ya zo da ita rumfata, ya kawo goro da katin gayyata na abokan sana'ata. Ni kuwa in na ga mota ƙasa idona ke fara sauka, kamar yadda mahauci ke fara duban cinyar sa. Tayoyin sun sha mai, baƙi wuluk, suna ƙyalli, zanensu da zurfi har yatsa na shiga. Wanda bai sani ba zai rantse sababbi ne. Na tsuguna. A gefen kowace akwai hoton ɗan dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a ciki. Tayar sanyi ke nan, wadda Turawa ke sawa in ƙanƙara ta rufe musu titi, ba a yi ta don kwaltarmu ta bazara ba. In sun gama da ita sai a loda a jirgi a kawo mana, mu ce 'yar Beljiyam ce, mu yi ta murna. Na nemi lambar shekara, lamba huɗu ce cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na ga talatin da takwas, sha uku. An yi tayar nan tun yarinyar tana firamare. Na sa farce na kankare man, sai ga tsaga birjik kamar faso a dunduniya.

Na ɗauko geji, ma'aunin iska, na danna a hancin tayar. Hamsin da takwas! Na buɗe ƙofar direba na nuna wa Bashar 'yar takardar da masu ƙera motar suka manna a jiki, wadda ta ce ashirin da tara.

Na ce, "Wa yas sa ma wagga mota waɗanga tayoyi?"

Ya ce, "Ai Baba, Alhaji Dogo yab ba da su, gudummawar biki ce. Can garejinai anka ɗaura su."

Alhaji Dogo wan mahaifin Muktar ne, shi ne babban gidansu, mai motocin haya goma sha wani abu a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Na san garejinsa, na san mai facinsa. Mai facin nan bai taɓa riƙe geji ba. Yakan ba taya iska ne yana ƙwanƙwasa ta da ƙarfe, sai ya ji ta ce ƙau sannan ya cire tiyo. A motar da za a labta wa buhun masara ashirin daga kasuwar Magami, mutane su hau sama, wannan iska tana da dalili. Amma 'yar motar da ba ta da nauyin da zai danne taya, in ka cika ta haka tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa kwalta. Tsalle za ta riƙa yi, burki ba zai kama ba, in kuma ta faɗa rami da gudu cikin zafin rana tsohuwar robar ta buɗe.

Na sauke iskar duka huɗu zuwa ashirin da tara, na ce wa Bashar ko da hakan ba su dace ba, a cire su. Ya ce to, yana murmushin nan na samari da ke nufin tsoho ya fara surutu. Washegari motar ta wuce ta gabana tana tsalle kamar ɗan akuya. Ashe mai facin Alhaji ya ga tayoyin ya ce sun kwanta, ya sake ɗura musu iska, har ya yi wa Bashar faɗa wai yana wasa da kyautar manya. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba don takaici.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne magana ce ta minti biyu. Da wani ne can daban, da na tare shi na ce kai, tayarka za ta kashe ka. Amma Muktar surukina ne, ba na tsayawa da shi. Alhaji Dogo kuma babban suruki ne, kuma kyauta ya yi, wa ya isa ya ce kyautar babba ba ta da kyau? Sai na bi hanyar da aka saba. Na zaɓo tayoyi huɗu sababbi fil daga rumfata, na bana, daidai lambar da ke jikin ƙofar motar, irin na ƙasar zafi. Na loda wa Isah a bayan tsohuwar motarsa ranar Laraba, na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, har sau uku na sa ya maimaita.

Da la'asar ya dawo daga Bungudu yana sakace haƙori.

Na ce, "Yaya kunka yi?"

Ya ce, "Wallahi Yaya mutanen ga sun san girma. Ɗan rago sunka yanka muna. Alhaji shina gaishe ka, yac ce Allah shi bar zumunci."

"Tayoyin hwa?"

"Sun amsa, sun yi godiya ƙwarai. An sa su ɗakin ajiya, in waɗancan sunka cinye sai a ɗaura naka."

Na ce, "Isah, ka hwaɗa masu tayar ƙanƙara ce? Ka hwaɗa masu shekararta goma sha biyu?"

Ya sunkuyar da kai. "Haba Yaya, ina cin naman mutum in ce mashi kyautatai ruɓaɓɓa ce? Na dai ce kac ce a riƙa duba taya."

A riƙa duba taya! Bayanin da na yi sau uku, abin da ya isa Bungudu ke nan. Na ɗaga hannu kamar zan mare shi, mutum mai furfura a gemu, sai na tuna a bakin titi muke na sauke.

Da na koma gida na gaya wa Ladidi, uwar yarinyar. Tana tsakiyar lissafa tukwane da 'yan uwanta, ta ja ni gefe ta ce in rufa mata asiri.

Ta ce, "Malam, kai dut abin duniya taya kaka gani. Motoci nawa ka bin hanyar ga kullum da 'yar Beljiyam? Kai kanka ba ka taɓa saida ta ba? Ka bari a yi biki lahiya, kada ka ja ma yarinya gori gidan miji."

Na ce na taɓa sayarwa, kuma na daina ne ranar da aka kira ni kusa da Kwatarkwashi in cire wili daga wata mota da ta ƙare a gindin gawo. Ban gaya mata abin da na gani a cikin motar ba, ba kuma zan gaya muku ba. Ta ce rai a hannun Allah yake. Na ce haka ne, geji kuma a hannuna yake, shi ma Allah ne ya ba ni. Ta juya ta koma wajen tukwanenta.

Asabar aka ɗaura aure da hantsi. Yanzu a wajenmu ba a kai amarya da dare saboda halin da hanya take ciki, da rana tsaka ake tafiya, kuma ba direban da ke son ya daɗe tsakanin Tsafe da Gusau, kowa taka mota yake iya ƙarfinsa. Watan Afrilu ne. Da aka sallame azahar kwalta har laushi take yi a ƙarƙashin takalmi.

Uban 'yar fari ba ya zama a gida lokacin fitar da amarya, don haka na tafi gindin darbejiyar da ke ƙarshen layinmu na zauna, kamar abin bai shafe ni ba. Daga nan na ga motocin sun shigo, na Alhaji Dogo uku a gaba, sannan ja ɗin, an naɗe ta da kintinkiri da furannin roba. Na ce a raina wataƙila Muktar ya yi hankali ya sa an canza. Na zauna na minti biyar, na kasa. Na tashi na tafi, jama'a suna kallona suna mamakin abin da ya dawo da ni.

Tayoyin nan ne dai. Har an ƙara musu mai. Na tsuguna da babbar rigata na danna geji, ya nuna sittin da ɗaya, domin sun sha zafin hanya daga Bungudu. Na dafa tayar gaba, sai da na janye hannu don zafi.

Na ce wa Bashar, wanda shi zai tuƙa, "Gudu nawa kaka yi da kunka taho?"

Ya yi dariya. "Baba, wagga ai ba ta jin ɗari da arba'in. Kahin la'asar mun isa."

Alhaji Dogo yana zaune a kan tabarma a ƙofar gidana, Isah na yi masa fifita da baki. Shekara da shekaru na san shi a tasha, amma tun da maganar aure ta shiga gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma daga nesa. Na je gabansa na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Sannan na ce, "Alhaji, ina roƙon arziki. A sa yarinyar ga cikin wata mota."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mi ya samu wagga?"

"Tayoyinta ba su kai ta Bungudu da gudun da za a yi. Na ƙanƙara ne, sun tsuhwa, kuma iskarsu ta ninka ƙa'ida."

Isah ya fara cewa, "Abin da Yaya ka nuhi shi ne..." na ce masa ya rufe mini baki, ya riga ya yi nasa aiken.

Alhaji ya gyara zama. "Malam Tambaya, shekara talatin motocina na bisa hanya. Ni za ka koya ma taya?"

"Motocinka buhu sukan ɗauka, Alhaji. Wagga ba ta kai nauyin kayan da kaka ɗaura ma guda bisa rufi ba."

"Wato ni nis sayo abin da za shi kashe ɗiyarka. Haka kaka hwaɗi gaban mutane?"

"Ban ce ka yi da nuhi ba. Na ce ba ka sani ba."

Da na ce ya yi da nufi da ya fi masa sauƙi. Fuskarsa ta kumbura, ya ce ko a motar nan a kai amarya ko kuwa ya kwashe motocinsa ya koma, dangin amarya su san yadda za su yi. Dattawa suka taso mini, wannan ya ja hannun riga, wancan ya ce in ji tsoron Allah, wani ya ce ina kunyar ɗan fari ta tafi. Liman ya ce a yi addu'a a shafa wa motar, shi ke nan. Aka yi addu'ar, na shafa tare da su, don ba ni da faɗa da addu'a. Amma da aka shafa na sake duban tayoyin, suna nan yadda suke.

Ana cikin haka guɗa ta tashi daga cikin gida. Mata suka fito da ita a lulluɓe, gwaggonta na riƙe da ita, tana kukan da amare ke yi. Masu bidiyo suka ɗaga wayoyi. Aka kwantar da kujerar gaba, aka tura ta baya, ƙawarta ta bi ta, aka mayar da kujera aka rufe ƙofa. Na ga ƙafarta da lalle lokacin da take naɗe ta don ta shiga. A motar da ƙofa biyu ce, wanda ke baya ba shi da hanyar fita sai na gaba ya fita. Bashar ya tayar da inji, ya taka mai sau biyu don samari su yi ihu, suka kuwa yi.

Akwai wata 'yar wuƙa da nake yankan roba da ita, kullum tana aljihuna. Ban san lokacin da na ture hannun Isah ba. Na tsuguna a tayar gaba ta dama na luma mata wuƙar a gefe, inda na san ba mai facin da zai iya gyarawa. Ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga, mata suka watse da salati. Kafin a gane abin da ke faruwa na zagaya na yi wa ta baya. Wani ya kama ni ta wuya, na fizge, rigata ta yage har ƙasa, na kai ga ta uku. Ta huɗu da mutum biyu rataye a bayana na fasa ta. Motar ta zauna a ƙasa da furanninta.

Na miƙe ina haki, wuƙa a hannu, hula ta faɗi. Na ce, "To, a tahi da ita in gani!"

Ladidi ta ɗora hannu a ka tana cewa na kashe ta. Bashar ya fito kamar zai doke ni, aka riƙe shi. Alhaji Dogo ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya shiga motar gaba, sauran biyun suka bi shi babu kowa a ciki sai direbobi, suka bar 'yan rakiyar amarya tsaye a rana da akwatuna. Wayoyin nan kuwa ba wadda aka sauke, duk sun ɗauka, kuma na san kafin magariba har Kano an gani.

Na juya wajen Isah na ce ya kawo motarsa. Tsohuwa ce, warin albasa take yi, ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta, amma ni na ɗaura mata tayoyinta wata uku da suka wuce. Duk da haka na zagaya su da geji ɗaya bayan ɗaya, jama'a na kallo, wasu na tsaki. Aka fito da yarinyar daga ja ɗin aka sa ta a ciki. Kukan da take yi yanzu ba irin na ɗazu ba ne, na san bambancin. Ta wuce ta gabana ba ta ɗaga mayafi ba. Na ce wa Isah in ya wuce tamanin ni da shi ne, kuma ya kira ni a kowane gari.

Suka tafi, mota ɗaya tak, ba guɗa, ba ham. Sauran mata suka koma cikin gida suna maganata a fili, ba mai rage murya. Na koma gindin darbejiya da yagaggiyar riga, ba wanda ya zo ya zauna kusa da ni.

Zan faɗi gaskiya, ban san ko tayoyin nan za su fashe ba. Wataƙila da sun kai ta Bungudu lafiya, a yi bidiyo, kowa ya ji daɗi, ni kuma in zama tsohon da ya cika tsoro. Ba wanda zai taɓa sani, ni na hana a sani. Abin da ke ƙona ni har yau shi ne duk mutanen da suka taru a ƙofar gidana sun yarda a gwada a gani, da 'yata a kujerar baya, don kada ran Alhaji ya ɓaci.

Isah ya kira daga 'Yandoto. Ya kira daga Kwatarkwashi. A Gusau bai kira ba, na kira shi sau shida bai ɗauka ba, na tashi na zauna na tashi, na zagi Isah, na zagi wayar. Ana kiran la'asar sai ga kiransa ya shigo.

Na ce, "Kuna ina?"

Ya ce, "Mun iso. Yaya, ba wanda yat tarbe mu sai Muktar da innatai. Gidan kamar an yi mutuwa."

"Ba a yi ba. Ita hwa?"

Ya ce, "Ta ba ni saƙo, amma ba ni iya hwaɗi."

"Yau dai ka kai saƙo yadda anka ba ka."

Ya ja numfashi. "Tac ce ka tozarta ta gaban duniya, ba ta ƙara ɗaga kai cikin Bungudu. Tac ce kada ka kira ta, kada ka aiko, ba ta son jin ko sunanka."

Ta bayan muryarsa ina jin ta, tana kuka tana faɗa da ƙarfi, wata mata na ba ta haƙuri. Tun tana goye ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba.

Na ce, "Isah, kada ka kashe. Matsa kusa da ƙohwar ɗakin."

Ya matsa. Na zauna a ƙasa na manna wayar a kunne, na yi ta sauraron 'yata tana zagina daga Bungudu har katin ya ƙare.